Butar da Ake Naɗewa

Shekara biyu Ghali ya yi yana zana wata buta ta roba mai laushi, wadda za a naɗe kamar hula a sa a aljihu, don matafiyi ya yi alwala ko a tsakiyar daji. Ya kai zanen wata masana'anta a bayan garin Guangzhou. Mai wurin ya ɗauki hoton takardar, ya yi murmushi, ya ce ba za ta yiwu ba. Ghali, mutumin kirki, har godiya ya yi.

Bayan wata takwas, a wani gidan abinci a Dengfeng, Alhaji Babayo mai sarin yadi ya zaro wani abu daga aljihu, ya girgiza shi, sai ga buta. A jikin kwalinta Bature ne zaune gaban tanti a bakin tafki.

"Malam Ghali, dubi basirar Turawa! Mu dai namu saye."

"Tawa ce, Alhaji. Wallahi ni na zana ta."

Babayo ya yi dariya har da tari. "To madalla! Ni kuma ni na ƙera jirgin da ya kawo mu."