Birkin Auta

Shekara talatin wani bakanike bai taɓa barin mota ta fita garejinsa da birki mai wasa ba. Da wannan yake alfahari, da shi kuma yake auna mutane. Shi ya sa tun da autansa, mai tuƙa masa motar kaya, ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari ya faɗa rami har ya rasa ƙafa, bai ƙara leƙa ɗakinsa ba. Wata goma sha ɗaya ke nan. "Rago ne," yake cewa. "Barci ba ya sace namiji."

Wata rana da hantsi babbar 'yarsa, mai binciken ƙwaƙwalwa a jami'a, ta kawo motarta gyara. Daga ƙarƙashin motar ya ce, "Uwata, miƙo sifana sha biyu. Har yanzu ɓeraye kike wa aski a wurin aikin naku?"

"Su ke ciyar da ni, Baba."

"To, me suka gaya miki?"

"Akwai sinadari a kai, gulutamet. Shi ne totur. In ya taɓa inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke karɓarsa, sai su ɗau wuta. In aka daɗe ana taka shi, sai wani sinadarin, adenosin, ya riƙa taruwa yana rage musu gudu. Birki ke nan. Mu kuma mu ce barci."

"Totur ne ke jawo birkinsa? Wanda ya ƙera wannan ya iya aiki. In an sha kofi fa?"

"Kofi ba ya kwashe shi. Toshe inda zai kama kawai yake yi. Yana nan yana taruwa, kofin na saki ya danne mutum."

Ƙarar sifana ta ɗauke. Ya tuno ranar hatsarin: tafiya uku a jere Auta ya yi, ya dawo ido jajur yana roƙon awa biyu ya kwanta. Shi uban da hannunsa ya cika masa fulas da baƙin kofi, ya jefa masa makullin mota.

Ya jawo jiki ya fito. "Kin san zancen fulas ɗin?"

"Auta ya hana ni faɗa. Wai kada ranka ya ɓaci."

Ko hannu bai wanke ba ya nufi gida. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin Auta, idonsa a kan sandunan da ke jingine da bango.

"Baba? Lafiya?"

"Ba rago ba ne kai," ya ce. "Ni na tsinke maka birki."