Sifilin da Ban Rubuta Ba

Shekara ashirin da uku ina koyar da lissafi a aji huɗu, kuma duk yaron da ya bi ta hannuna ya san abu ɗaya da ba na yafewa: sifili a gaban lamba. In na ce a rubuta casa'in da bakwai, ka kawo mini 097, jan biro ne zai gaishe ka. Sifili a gaba zaman banza yake yi, haka nake gaya musu, ni kuwa ba na son zaman banza ko a takarda ne. Rabin iyayen yaran ma ni na koyar da su. A bayan idona Malam Sifili suke kirana, ina ji in yi kamar ban ji ba, don gaskiya sunan daɗi yake yi mini.

Shi ya sa da hukumar zaɓe ta ɗauke ni jami'in rumfar unguwarmu, mutane suka yi murna. Zaɓenmu na uku ke nan tun da soja suka koma bariki, biyun farko kuwa an yi su ne kawai don a ce an yi. Kujerar shugaban gunduma ake nema. Mai Kujera, wanda ya daɗe a kanta har an manta sunansa na gaskiya, yana son ƙari. Mai Kemis na bakin titi, wanda babu gidan da bai yi wa allura ba a unguwar, ya fito ya ce shi ma zai gwada.

Tela, maƙwabcina na shekara ashirin, wanda shagonsa ke manne da bangon gidana, shi ya fi kowa zumuɗi. Ya tsayar da keken ɗinkinsa ya ce wa mutanen da ke zaune a bencinsa, "Bana dai ƙuri'armu ta samu uba. Malam Sifili ne zai ƙirga, wallahi ko rabin ƙuri'a ba za ta ɓata ba."

Na ce ya daina fasa mini kai, amma kan ya riga ya fasu.

An yi mana horo na kwana biyu a wani zaure mai fanka ɗaya. Wani matashi da na girmi babansa ya ɗaga takardar sakamako yana nuna mana. Kowane ɗan takara yana da gida uku na rubuta lamba, gidan ɗari, gidan goma, gidan ɗaya. Ya ce duk gidan da babu lamba a cika shi da sifili. Na ji shi sarai, ba zan yi ƙarya ba. Har na sunkuya na ce wa na kusa da ni, "Ka ji irin lissafin da ake koyarwa yanzu." Muka yi dariya ƙasa-ƙasa, muka ci gaba da fifita da littafin horon.

A ajina aka yi zaɓen. Muka fitar da bencuna baranda, aka sa akwati a kan teburina. Tun da sassafe layi ya zagaye famfon makaranta ya fita har ƙofa. Gwaggona, wadda ƙafa ta hana ta fita shekara biyu, a kujera jikokinta suka ɗauko ta. Ta dangwala, ta jefa, ta ɗaga yatsanta mai tawada ta ce mini, "Ɗana, ga amana nan."

Ƙarfe huɗu muka zazzage akwatin. Kowace ƙuri'a sai na ɗaga ta sama kowa ya gani, jama'a a tagogi suna ƙirgawa da ƙarfi kamar ɗalibaina, ni kuma ina jan layi a allo biyar-biyar. Mai Kemis ya samu ɗari biyu da goma sha huɗu. Mai Kujera ya samu casa'in da bakwai. Jimla ɗari uku da goma sha ɗaya. Ihun da aka yi har tsuntsayen da ke kan bishiyar makaranta suka tashi.

Na zauna na cika takarda da rubutuna mai kyau, wanda nake alfahari da shi. A layin Mai Kemis, biyu, ɗaya, huɗu. A layin Mai Kujera na sa tara a gidan goma, bakwai a gidan ɗaya. Gidan ɗari na bar shi fari tas. Ban yi shawara ba, ban tuna horo ba, hannun ne ya yi abin da ya saba. Wakilan jam'iyyu suka sa hannu, na ba kowa kwafinsa, na manna ɗaya a bango. Kafin in fita na ɗauki tsumma na goge allon fes, don a rayuwata ban taɓa barin allo da datti ya kwana ba.

A cibiyar tattara sakamako ta taga ake miƙa takarda. Wanda ya karɓa ya duba, ya sake dubawa, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ka iya rubutu." Na ce na gode. Sakarai, har da godiya.

Bayan kwana biyu rediyo ta ce Mai Kujera ya ci da ratar ƙuri'a ɗari huɗu da hamsin. Na tafi ofishin hukumar, inda aka jera takardun rumfuna a bayan gilashi, na nemo tamu. A gidan da na bari fari an zaunar da biyar. Casa'in da bakwai ta zama ɗari biyar da casa'in da bakwai. Ukun da ke jimla an rufe mata ciki ta zama takwas. Wanda ya yi aikin har ƙoƙarin kwaikwayon hannuna ya yi, kuma bai yi laifi ba. A ƙasa ga sa hannuna nan ɓaro-ɓaro. Na daɗe a tsaye ina kallon takardar.

Unguwa ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Shiru ta yi. In na yi gaisuwa a amsa da ƙyar, ido na kallon wani wuri. Wata safiya na fito na tarar an rubuta 597 da gawayi a ƙyauren gidana. Matata ungozoma ce a asibitin unguwa, ta dawo ranar ta ajiye jaka ta zauna ba ta cire takalmi ba.

Ta ce, "Yau wata tana kan gadon haihuwa, tana nishi, ta ce mini yaushe za mu ga sabuwar motar. Baban yara, tana nishi fa."

Na shiga shagon Tela. Bai tsayar da keken ba, abin da bai taɓa yi mini ba.

Na ce, "Kai ma ka yarda?"

Ya ce, "Ni ban ce komai ba."

"Gara ka ce."

Ya ɗaga ƙafa daga keken. "To, Malam, kai ne ba ka kuskure. Kai ka gaya mana, shekara ashirin kana gaya mana. Yaro ya manta ɗigo ɗaya ka maido shi. Yanzu kuma ka ce mini kuskure ka yi, kuma kuskuren bai tashi zuwa ba sai a gidan ɗari, a layin mutumin nan? Ni ɗinki na iya, ban iya lissafi ba. Amma in na bar aljihu a buɗe na san hannu zai shiga."

Na rantse masa. Ya ce Allah ya sa haka ne, ya mai da ƙafarsa kan keken.

Mai Kemis ya kai ƙara kotun zaɓe. Lauyarsa, wata yarinya mai kaifin baki, ta zo gidana neman hujja. Kwafin da na manna a bango tun daren zaɓe aka yage shi. Wakilin Mai Kemis ya ce nasa kwafin matarsa ta wanke masa riga da shi, kuma bayan mako biyu aka gan shi yana aiki a ofishin gunduma da sabon takalmi. Allo kuwa ni da hannuna na goge. Babu abin da ya rage sai bakina.

Matata ta ce kada in je. "Albashinka ta hannun wa yake biyowa? Ka yi shiru, mutane za su gaji su manta."

Na ce, "Za su manta da zaɓen, ba za su manta da ni ba. Ina so in wuce ta ƙofar Tela ya tsayar da kekensa. Shi ke nan abin da nake nema."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta goge mini farar rigata da kanta.

Wata huɗu aka yi kafin a kira ni. 'Yan unguwa sun cika bencunan baya, Tela a tsakiyarsu ya harɗe hannuwa. Na yi rantsuwa, na faɗi komai daki-daki. Ɗari biyu da goma sha huɗu, casa'in da bakwai. Biyar ɗin nan ba tawa ba ce, ni biyar ɗina hularta a miƙe take, wannan a karkace. Na ji ana gunaguni a baya, irin na mutanen da suka fara yarda. Na saci kallon Tela, ya sauke hannuwansa. Rabon da in ji daɗi irin na wannan lokacin har na manta.

Lauyan Mai Kujera ya tashi, wani dattijo mai tumbi da murya mai laushi. Na shirya masa, ina jira ya ce ƙarya nake yi.

Ya ce, "Malam, mun yarda da kai. Kowa ya ganka ya ga mai gaskiya. Abu biyu kawai zan tambaya. A wurin horo an ce ku cika gidan da babu lamba da sifili?"

Na ce, "An ce."

"Ka ji?"

"Na ji."

"Me ya hana ka?"

Da ina da wayo da na ce gajiya ce. Amma na rantse zan faɗi gaskiya, kuma malami ne ni. Na ce, "Sifili a gaban lamba ba shi da aiki."

Aka kwashe da dariya, har alƙali ya sunkuyar da kai.

"Madalla. Allon da ka yi ƙirga a kai, yana ina?"

"Na goge."

"Wa ya ce ka goge?"

"Ba a barin allo da datti ya kwana."

Ya juya wajen alƙali cikin ladabi. Ya ce su ba su san wanda ya rubuta biyar ba, kuma suna Allah wadai da shi. Amma da bakin shaida aka ji cewa ba a cika takardar bisa ƙa'ida ba, an kuma taɓa ta, babu kwafi, babu allo. Takarda irin wannan ba a dogara da ko lamba ɗaya a cikinta. Saboda haka yana roƙon kotu ta soke akwatin gaba ɗaya, don a tsarkake zaɓen.

A bencunan baya har wani ya tafa, ya zaci nasara ce. Ni kuwa kafin lauyan ya zauna na gama lissafin a kaina. In an cire ɗari biyar na ƙarya kawai, Mai Kemis ne a gaba da hamsin. In an zubar da akwatin duka, ratar ɗari da goma sha bakwai da ya samu a wurinmu ta tafi. Ɗari da goma sha bakwai a cire hamsin, saura sittin da bakwai, na Mai Kujera. Ɗan aji huɗu zai iya yin wannan. A duk ɗakin ni na fara sani, bayan lauyan, kuma ina tsaye a akwatin shaida babu damar in yi ihu.

Bayan mako uku aka yanke hukunci. Alƙali ya yabe ni da kyau, ya ce irina ƙasa take bukata. Ya soke akwatinmu. Ya ce lokacin da doka ta ba da na sake zaɓe ya wuce. Mai Kujera ya ci da sittin da bakwai. Mutum ɗari uku da goma sha ɗaya, har da tsohuwar da aka ɗauko a kujera, kamar ba su fito daga gida ba ranar. Ɓarawon da ya rubuta biyar ya ƙara musu ƙarya ne kawai, ni da gaskiyata na share su.

Na fito ina neman 'yan unguwa. Suna tsaye jingim a gindin matakala, Tela a gaba. Na fara sauka wajensu ina haɗa abin da zan ce. Sai jama'a ta dare, ga Mai Kujera da tawagarsa da masu ɗaukar hoto, yana ta fara'a.

Ya ɗaga murya yadda har na tsallaken titi zai ji. "A'a, ga Malam! Ku zo ku ga mutumin kirki! Malam, da ba don shaidarka ba da har yanzu ana ce mini ɓarawo. Kai ka wanke ni. Ba zan manta da kai ba."

Ya miƙo hannu.

Wata biyar ina tanadin maganar da zan gaya wa mutumin nan in na gan shi ido da ido. Tana bakina. Amma shekara ashirin da uku ina ƙaramin ma'aikaci, in babba ya miƙo hannu jikina ba ya jiran izinina. Hannu biyu na sa na karɓa, na ɗan rusuna, aka ƙyasta hoto, na ji bakina yana cewa, "Na gode, ranka ya daɗe."

Tela bai zage ni ba, bai yi tsaki ba. Ya dube ni, ya gyaɗa kai sau ɗaya kamar wanda lissafinsa ya fita daidai, ya juya ya tsallaka titi. Sauran suka bi shi.