Faranti Takwas na Baba Jumare

"Kai za ka shiga, Gimba, tunda kai kaɗai Baba Jumare yake buɗe wa ƙofa," in ji Malam Muntaka limaminmu. "Ka duba da kyau. In abin da Tabawa ta faɗa gaskiya ne, ran da ya cika ba zan yi masa salla ba."

Tabawa, mai sayar da tuwo a ƙofar gidan hayarmu da ke unguwar Asata, tana tsaye da muciya a hannu.

"Malam, da idona na gani ta ramin taga. Duk Alhamis sai ya jera faranti takwas, ya bi kujeru yana sunkuyawa yana magana, babu kowa a kai. In ba aljanu ba, su wa yake ciyarwa?"

Ni mai wanki da guga ne, ɗakina na jikin nasa. Baba Jumare ya shekara talatin yana boyi a gidan wani Bature na kamfanin kwal. Da Baturen zai koma gida, shekara biyu kafin a ba mu mulkin kai, ya bar masa kayan ɗakin cin abinci. Yanzu ga shi kwance kwana tara, ko koko ba ya zama a cikinsa. Ranar kuwa Alhamis ce.

Na yi sallama na shiga. Teburin ya cinye ɗakin, baƙi wul, ƙafafunsa an sassaƙa su kamar dagin zaki. Kujeru takwas masu dogon baya, kabad mai gilashi cike da tangaran, da wani mazaunin kyandir na tagulla mai reshe uku. Shi kuwa yana kan tabarma a ɗan lungun da ya rage. Na yi ta addu'a a zuci.

"Sun turo ka leƙen asiri ko?" ya ce.

"Baba, gaisuwa na zo."

"Ba ka iya ƙarya ba. Buɗe kabad, yau hannuna ya ƙi."

Na shimfiɗa farin zanen da ni nake goge masa duk mako, ban taɓa tambayar na mene ne ba. Daga kwance yake ba ni umarni. Wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, kofi a gaban wuƙa. Ina jerawa ina satar kallon kujerun, ko wata za ta motsa.

"Baba, su wa ke zuwa?"

Ya kasa kunne. Can sai muka ji kukan jirgin ƙasan Fatakwal yana shigowa tasha, kamar yadda yake yi duk Alhamis da la'asar. Ya zuba wa ƙofa ido, har hayaniyar 'yan dako ta wuce ta lafa.

"To, kwashe," ya ce.

Ina kwashewa ya gaya mini. Yana da ɗa, Zailani, akawu ne a wani ofis a Fatakwal. Da kuɗin boyi ya yi masa makaranta. Shekara huɗu da suka wuce ya aiko takarda cewa zai zo wata Alhamis da abokan aikinsa, in dai akwai inda za su zauna kamar mutane.

"Ga wurin zama na samar masa. Sunkuyawar da Tabawa ta gani, hannu nake tuna wa aiki. Ta hagu ake miƙa abinci, ta dama ake ɗauke faranti. In ka bari sai ka manta."

Na ji sanyi a raina. "Baba, ai shi ke nan, bari in gaya wa Malam."

Ya riƙe bakin wandona da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Kul. In suka ji, duk unguwar nan za ta tsine masa, a ce ya guji ubansa don boyi ne. Bakin mutane na kama yaro. Su ce da ni abin da suka ga dama. Ka yi mini alkawari."

Na yi.

Washegari da hantsi Baba ya cika. Mutane suka taru a tsakar gida, babu wanda ya matso kusa da ƙofar.

"Me ka gani?" in ji Malam.

"Babu aljani, Malam. Musulmi ne kamar kowa."

"To su wa yake jira?" in ji Tabawa.

"Ba zan faɗa ba, Inna."

"Kun ji ko? Shiga ɗaya, aljanun sun rufe masa baki!"

Malam ya juyo gare ni. Ya aika aka kawo Alƙur'ani, ya ce in yi alwala in dafa. Na dafa, na rantse babu shirka a ɗakin nan, ban ƙara ko kalma ba.

"Ya rantse," in ji Malam. "In ƙarya ce, tsakaninsa da Allah. A ɗora ruwa."

Ni da shi muka yi wa Baba wanka. Da aka zo salla, na waiwaya kafin kabbara, sahu ɗaya ne bai ma cika ba: mahauta biyu, wani mai goro daga kasuwar Ogbete, da tsofaffi uku. Da su muka yi ta karɓa-karɓar makara har maƙabarta.

Da muka dawo na tarar da 'yan aike biyu a ƙofata, na masu ba ni wanki, an aiko su karɓi kayansu ko ban wanke ba. Na miƙa wa 'yan aiken, na ɗauki sabulu na nufi famfo. Bokitan gidan na nan a layi, baki da baki, suna jiran ruwa ya zo. Nawa an janye shi can jikin katanga, shi kaɗai. Na je na tsuguna kusa da shi.