Bitar Zahara'u

Duk Kiyako babu mai kai Zahara'u hadda. In ta kama tilawa, ko wasali ba ta tsallakewa. Amma Turanci ya ƙi ta ƙememe. Ta zana jarrabawar gama sakandare, ta sake zanawa, kowane darasi ta haye sai shi, makarantar koyon unguwarzoma kuwa ba ta ɗaukar wanda ya faɗi Turanci. Babanta ya ce bana ce ta ƙarshe. Ba mugunta ba ce, bawan Allah gajiya ya yi.

Malam Iliyasu, mai yi musu darasin yamma a Birnin Kudu, kullum in zai sallame su sai ya ce a je a yi ribishin, wato bita da Turanci. Ita kuwa bita ɗaya ta sani a duniya, irin ta allo. Ta samo amsar insha'in Turanci na bara, labarin ranar kasuwa, ta bi shi safe da yamma har ya zauna daram, da waƙafinsa da komai.

Gab da jarrabawa ta kawo wa Malam shi da ka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Jimlar farkon nan, me take nufi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Zahara'u, in Bature ya ce ki yi ribais, nufinsa ki koma kan abin da kika riga kika gane, ki ga inda ya kwance ki ɗaure. Ke kan me kika koma?"

"Malam, ai ban yi ɓata ba."

"Ba ki yi ba," in ji shi. Tausayinta ya hana shi ƙarawa, don lokaci ya riga ya ƙure.

A Gwaram aka ba ta wurin zanawa. Ta bi takardar tambayoyi daga sama har ƙasa, ta sake bi, babu kasuwa babu dalilinta. Abin da ke kanta ke nan, shi ta zube musu da kyakkyawan rubutunta, tana sane sarai ba shi aka tambaya ba.

Ita ta fara fitowa. Babanta na bakin ƙofa a kan babur, ya gan ta kafin kowa, sai fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Bana kam ta zo da sauƙi ke nan, uwata?"

Ta hau bayansa, ta ja hijabi ta rufe fuska.