Amanar da Malam Ok Ya Bari

"Ku bi a hankali mana, ba buhun kabeji kuka ɗauko ba!" Inna Maeng ta daka musu tsawa daga bakin ƙofarta.

Ɗaliban jami'a ne suka ciccibo keken guragu da mai shi, suna haki a kan matakalar unguwar su Inna Maeng da ke manne a jikin wani tsauni a birnin Busan. Du-sik, wanda ke cikin keken, ya sunkuyar da kai.

Katanga ɗaya ce tsakanin Inna Maeng da Malam Ok, malamin jami'ar. Duk Asabar gidansa cike yake da ɗaliban da ke laɓewa a bayan aji, 'yan ƙauye da ake yi wa dariyar harshe, da masu aikin kanti da ke gyangyaɗi a darasi. Shi Du-sik ya bar karatu ne bayan mota ta karya masa baya. Malam ya yi ta sintiri zuwa gidansu har uwar ta gaji da cewa ba ya nan, ya dawo da shi karatu.

Yanzu ciwon huhu ya ci ƙarfin Malam, likitoci sun sallamo shi gida. Inna Maeng ta ɗauki kunun shinkafar da ta dama masa ta bi bayansu.

Malam yana kwance a shimfiɗa, ya koma kamar kara. A gefe wata yarinya na durƙushe, idonta kyam a kan bakinsa.

"Malam, ba zan iya ƙarasa karatun nan ba," in ji Du-sik. "In ba ka nan, wa zai kula da ni?"

"Ji shashasha." Tari ya sarƙe Malam, sai da Inna Maeng ta tallafe shi. "Aikinka na miƙa shi hannun Malama Pyo, ta fi ni zafi. Ba don shi na kira ka ba. Ga Ye-rin, 'yar aji ɗaya. Ba ta ji, baki take karantawa. Malamai suna magana suna kallon allo, har ta fara haɗa kayanta. Na bar maka ita."

"Ni? Ni da ake ɗauka?"

"Kai ka san inda ake riƙewa ba a ji ciwo ba."

Du-sik ya fashe da kuka. Inna Maeng ta miƙa wa Malam cokali don ta ɓoye nata.

"Sha, kafin ya huce."

"Inna, har yau gishirinki yawa yake."

"Da bakin tsiya za ka tafi, ko?"

Ya yi murmushi, ya sha cokali ɗaya, ya kau da kai.

Da hantsin wata Talata ta shiga da kunu, ta tarar ya cika. Ta ajiye kwanon, ta gyara masa bargo, ta zauna ta daɗe kafin ta kira kowa.

A zauren makoki, manyan jami'a suka yi ta ajiye fararen furanni gaban hotonsa suna rusunawa. Inna Maeng tana rabon miya ta hango Ye-rin a lungu ita kaɗai, mutane na magana ta saman kanta. Du-sik ya tsaya daga nesa, hannunsa kan taya, kamar zai juya. Sai ya turo keken, ya ratsa tsakanin tebura, ya tsaya gaban Ye-rin daidai taga inda haske ke faɗa masa a fuska.

"Kin ci abinci?" ya ce, yana buɗe baki a hankali.

Ta girgiza kai. Inna Maeng ta zuba kwano biyu.