Hoton Ɗan Fari

Injin buga hoto ya yi tari sau biyu, sannan ya turo takardar waje. Jalaluddeen mai shagon ya zare ta, ya hure ta, ya miƙa wa Zulaihatu ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ga Babanki nan. Wa ke biye?"

Zulaihatu ta karɓa da hannu biyu. Hular ita ce, rigar ma ita ce, amma mutumin da ke cikinsu ba ta taɓa ganinsa ba. Kumatu sun baje, hanci ya kwanta, idanu sun yi nesa da juna kamar waɗanda suka yi faɗa. Mahaifinta kuwa, Malam Habibu, har ya koma ga Allah siriri ne, mai doguwar fuska.

Hotonsa ɗaya tak ya rage a gidansu, ɗan ƙarami da aka ɓamɓaro daga tsohon katin aikinsa. Kakarta, Inna, ba ta iya ganinsa. Likita ya ce ganinta tafiya yake yi, kuma ba mai dawowa ba ne. Malam Habibu ɗan farinta ne, ita kuma irin matan da ce: ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta ƙare masa kallo a gaban mutane ba. Sai yau da safe, tana laluben carbinta, ta ce kamar da bango take magana, "Wai hoton yaron ga, ba a iya maishe shi babba?" Daga haka ba ta ƙara ba.

"Ba shi ba ne," in ji Zulaihatu.

Ƙarar janareta ta haɗiye maganar. Dama ita ko a aji, ta san amsa sarai, amma hannunta ba ya tashi. Wani dattijo mai katin ɗaurin aure ya riga ya matso ya dafa tebur. Ƙofa na nan kusa, taku kaɗan ta fita titin Ƙofar Taramniya, ta shige cikin masu babur, shi ke nan.

Ba ta fita ba.

"Malam, ba shi ba ne."

Jalaluddeen ya juyo. "Mi kinka ce? Ba hoton da kinka kawo ba na?"

"Shi ne. Amma ka ja shi ta gefe."

Ta zuge jakar makaranta, ta ciro rula. A zangon nan Malama Martha ta koya musu siffofi masu kama da juna, ta ce in za a girmama abu ya zauna da kamanninsa, kowane gefe da lamba ɗaya ake ninka shi. Zulaihatu ta auna ƙaramin: faɗi santimita uku, tsawo huɗu. Ta auna babban: ashirin da huɗu ta nan, ashirin da huɗu ta can.

"Ka gani? Tsawon ka ninka shi sau shida, faɗin kuma sau takwas."

"To, 'yar boko, firam ɗin kowane gefe daidai yake. In na bi taki, dama da hagu fari za ya rage, kamar ba a ƙare aiki ba. Kowa haka nika yi mai. Jiya wani Alhaji har godiya ya yi, wai ya ga ya yi kyau."

Dattijon mai kati ya yi dariya. "Ɗiyata, ƙiba ai rufin asiri ta. Ki kai mai, ki gani in bai ba ki tukwici ba."

"Ya rasu, Baba."

Dariyar ta tsaya cak. Dattijon ya janye hannunsa daga tebur. "Allahu akbar. Allah shi jiƙanai."

"Amin. Mahaifiyarsa ke son ganinsa, idonta ya kusa rufewa. In na kai mata wannan, wannan za ta tafi da shi a ranta." Ta juya ga Jalaluddeen. "Ka yi faɗin sha takwas, tsawon ashirin da huɗu. Farin ya rage, ban damu ba."

Jalaluddeen ya dubi layin mutane, ya dubi yarinyar da ta ƙanƙame rula kamar za a ƙwace mata.

"In ban yi ba fa?"

"Zan jira ka sallami kowa, in sake roƙonka."

"Yi mata, Jalalu," in ji dattijon. "Ɗaurin auren ba yau na ba."

Ya ja tsaki, ba mai zafi ba, ya juya ga kwamfuta. Ta matso kusa. "Ta kusurwa za ka ja, ba ta..."

"Na sani, Malama! Har aikina za ki koya min?"

Ya buga lambobin. A gaban idonta kumatun suka koma mazauninsu, hancin ya miƙe, haɓar ta sauko. Zulaihatu ta dafe bakinta. Ko ɗan karkacewar da hularsa take yi zuwa hagu ta dawo daidai.

"Ya ɗan dushe fa," in ji shi, yana saka takardar a firam. Muryarsa ta sauka. "Abu in anka faɗaɗa shi, har tabonai faɗaɗuwa yaka yi. Ki gaishe da tsohuwa."

Bayan la'asar ta isa gida. Inna na zaune kan tabarma a bakin ɗakinta, maƙwabciyarsu Dijatu na gefe tana gyara mata zogale. Zulaihatu ta durƙusa ta miƙa firam ɗin.

"Inna, ga shi."

Inna ko juyowa ba ta yi ba. "Aje can, ƙawata. Kin bar mutane da jiran ruwan alwala, kin tafi yawon hoto."

Zulaihatu ta jingine shi a bango. Ta ɗauki buta ta nufi randa, Dijatu kuma ta kakkaɓe zanenta ta yi sallama ta fice.

Da ta dawo da ruwan, tabarmar ba kowa, firam ɗin ma babu. Labulen ɗakin ya ɗan ɗage. Inna na tsaye jikin taga inda haske ya fi ƙarfi, ta kai hoton dab da hancinta, tana bin fuskar da yatsa daga goshi zuwa haɓa, a hankali, ta koma sama ta sake.

"Kai dai," take cewa ƙasa-ƙasa. "Dubi yadda ka rame. Kullum sai in aika ma da tuwo, kullum sai ka raba ma yara."

Zulaihatu ta ajiye butar a bakin ƙofa yadda ba za ta yi ƙara ba, ta sauke labulen.