Sunayen Masu Citta

Afiniki ce ke buga takardu a wani shagon kwamfuta kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Wata Laraba a shekarar 1999, Mama Roseline, shugabar matan da ke noman citta a Kwoi, ta shigo da diskit, faifan ajiye aikin kwamfuta, ƙulle a bakin zani. Wani ɗan kasuwa zai zo daga Legas ranar Juma'a ya ga samfur, ga shi Nuru da ya haɗa musu shafin hotunan cittar a diskit ɗin an mai da shi aiki Jos bai gama ba.

"Hoto goma sha huɗu, ba suna ko ɗaya," in ji Mama. "Yaya mutumin zai san mai kaya?"

Afiniki ta buɗe rubutun shafin ta bi shi layi-layi. A jikin kowane hoto Nuru ya maƙala wata sifa, wato ɓoyayyen bayani, da ya kira gona, ciki da sunan mai cittar da ƙauyenta.

"Sunayen suna nan, Mama, ba a fito da su ba ne. Zauna."

JavaScript, yaren ba wa kwamfuta umarni, ta koya da kanta daga wani littafi da ta yi fotokofi. Ta rubuta layi uku: in an danna hoto, umarnin getAttribute ya karanto abin da ke cikin gona, ya nuna a ƙasa. Ta danna na farko, sai ga "Emilia, Kwoi" ya fito. Mama ta tafa.

A hoto na bakwai "Hellen" ya fito. Mama ta matso da fuskarta jikin allo.

"A'a. Wannan tabarmar Zamzam ce. Bafulatanar nan ta hanyar Godogodo, bana ta shigo ƙungiya. Hellen a siminti take shanya."

"Kin tabbata?"

"Ni na taya ta yankawa."

Afiniki ta duba na takwas, ga siminti, amma sunan Zamzam ke kai. Ta musanya su, suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, Mama na faɗin suna kafin a danna.

Ranar Juma'a ɗan kasuwar ya zauna gaban kwamfutar ya daɗe kan hoto na bakwai. Ya danna, ya karanta, ya tambayi ina matar take. Mama Roseline ta fita neman mashin da zai ɗauko Zamzam, Afiniki kuwa ta jawo takardun makarantar da ke jiran bugu.